GARIN NEMAN GIRA: MAGANA KAN SABUNTA TSARIN AJIYAR FAYIL

'Yan'uwa ɗalibai, tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, tsofaffin kwamfutocinmu suka shiga halin marayu. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa masu tsauri, ba ta hawa injin da ya girmi shekarar 2017 ko kusa da haka, alhali yawancin abin da muke rungume da shi gwanjo ne da Turawa suka gama ci wa moriya. Saboda haka ne sunan Linux ya fara yawo a bakin ɗalibai da masu gyara, daga shagunan buga takardu na Court Road da Titin Zariya a Gyadi-Gyadi, inda 'yan'uwanmu masu koyon likita a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ke kai ayyukansu, har zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni. Mu dai muna maraba da wannan. Amma akwai wani sashe na maganar da ba a cika taɓawa ba, kuma shi ne sashen da zai iya sa mutum kuka, watau tsarin ajiyar fayil da yadda ake sabunta shi.

Bari mu fara da bayyana abin, domin ba kowa ne ɗan sashen kwamfuta ba. Faifan ajiya na kwamfuta, in aka bar shi yadda ya fito daga masana'anta, fili ne kawai na miliyoyin ƙananan gurabe, ba suna, ba alama. Tsarin ajiyar fayil shi ne ke yanka wannan fili, ya rubuta cewa babi na uku na kundin wane yana gurbi kaza da kaza, an taɓa shi ranar kaza, kuma wane ne ke da iznin buɗe shi. Wanda ya taɓa neman littafi a laburare ta hanyar akwatin katuna ya fahimci abin. A ƙone katunan nan a bar littattafan, to, littattafan suna nan amma sun ɓace. Sau da yawa in aka ce wa ɗalibi aikinsa ya tafi, rubutun yana nan kwance a faifai, katin ne ya lalace.

Me ke lalata katin? A ƙasarmu amsar ba ta da nisa. Ajiye fayil guda ɗaya yana bukatar rubutu a wurare da dama: a rubuta abin da kansa, a gyara katinsa, a gyara jerin guraben da babu kowa, a gyara jerin sunaye. In wuta ta ɗauke tsakanin rubutu na biyu da na uku, sai faifan ya zama yana faɗin magana biyu. Baturen da ya zauna a Helsinki ko Boston yana iya yin shekara bai ga haka ba. Mai shago a Gyadi-Gyadi kuwa yana iya gani sau uku kafin azahar, sa'an nan ga ɗan tsaikon nan na juyawa zuwa janareto, ga kuma kwamfutar cinya ta gwanjo wadda batirinta ya mutu tun a Kwatano, da an zare waya sai ta yi shiru. Ashe ke nan maganar tsarin ajiya ta fi shafarmu fiye da waɗanda suka ƙirƙiro ta.

Tarihin abin a Linux gajere ne. A 1993 wani Bafaranshe, Rémy Card, ya fito da ext2, mai sauri, amma in wuta ta ɗauke sai an bi faifan gaba ɗaya ana duba kati bayan kati, abin da kan ci lokaci mai tsawo. A 2001 ext3 ta shigo, aikin Stephen Tweedie, da dabara guda wadda kowane ɗan kasuwar Kantin Kwari zai gane: kafin a ɗaga dila daga wannan sito zuwa wancan, sai a fara rubutawa a littafi cewa za a ɗaga. In yaron shago ya faɗi a hanya, maigida ya buɗe littafi ya san inda aka tsaya, ba sai ya ƙirga sito duka ba. Haka ext3 ke rubuta niyyarta a wani ɗan kundi kafin ta aikata, in an kunna inji bayan ɗaukewar wuta sai ta duba kundin ta ƙarasa ko ta soke, cikin 'yan daƙiƙu. A watan Disamba na 2008 aka amince da ext4, wadda Theodore Ts'o ke jagorancin kula da ita, kuma ita ce Ubuntu da Debian ke ɗora wa mutum in bai zaɓi wata ba.

Sai dai a lura, kada a ɗauki kundin nan a matsayin laya. Bisa yadda aka saba saita shi, katunan yake tsarewa, watau tsarin sito, ba lalle ne ya ceci sakin layin da aka buga daƙiƙa biyu kafin duhu ba. Kuma a yi adalci, NTFS ta Windows ita ma tana da irin wannan kundi. Inda babu shi sam shi ne filashin da muke rataye da shi a makulli, domin FAT32 da exFAT da ake tsara filashi da su ba su rubuta niyya. Abin mamaki, a can ne ɗalibi ke ajiye kwafi ɗaya tilo na aikin shekara huɗu, yana zare shi daga inji ba sallama, yana kai shi shago biyar a wuni.

To, me ya sa za a sabunta? Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta, abin da ke aiki kada a taɓa shi. Muna girmama wannan ra'ayi, kuma nan gaba za a ga muna tare da su a rabin hanya. Amma ba za mu bi su har ƙarshe ba, saboda dalilai da ba su da alaka da son yayi.

Akwai maganar agogo. Linux da danginta suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙu tun daga 1 ga Janairu, 1970. Tsohon gurbin da aka ware wa wannan lissafi yana cika a kan 2,147,483,647, kuma za a kai wannan adadi ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe huɗu da minti sha huɗu na asuba agogon Nijeriya. Faifan da aka tsara da ƙananan katuna masu girman bayit 128, kamar yadda aka yi wa tsofaffin ext2 da ext3 da yawa, ba zai iya rubuta kwanan wata bayan wannan rana ba. Katin ext4 mai bayit 256 kuwa yana kaiwa har shekarar 2446. Wani zai yi dariya ya ce 2038 da sauran nisa. Yaron da ke aji ɗaya na firamare a bana bai gama jami'a ba za a kai, kuma mun san yadda ofisoshinmu ke riƙe inji har sai ya mutu a kan tebur.

Akwai kuma maganar mutuwar tsari. ReiserFS ta yi tashe a farkon shekarun 2000, har SUSE ta riƙa ɗora ta a matsayin zaɓin farko zuwa 2006. Daga baya masu kula da ita suka watse, aka yi shelar za a yi watsi da ita a 2022, aka kuma cire ta daga zuciyar Linux, wadda masana ke kira kanel, a fitowa ta 6.13 cikin Janairu 2025. Wanda ke da tsohon faifai a wannan tsari, in ya haɗa shi da sabuwar Linux, ba za ta iya karanta shi ba. Tsohon fasalin XFS ma an sa masa ranar sallama, shekarar 2030. Wanda ya ƙi motsawa don tsoro, wata rana zai tarar an kwashe kasuwar an bar shi da rumfa.

Dalilin da ya fi jan hankalinmu shi ne gano ɓarna. Faifai yana tsufa, musamman a zafin Kano na watan Afrilu da ƙurar hunturu, kuma yakan canja harafi ɗaya a ɓoye ba tare da ya yi ƙara ba. Sababbin tsare-tsare suna buga wa abin da suka ajiye wani hatimi na lissafi, in an zo karantawa a sake lissafawa a gwada. Ext4 ta yau tana yi wa katuna haka. Btrfs, wadda Chris Mason ya fara a 2007, da ZFS da ta samo asali daga kamfanin Sun, suna yi wa har abin da ke cikin fayil ɗin. Bugu da ƙari, ba su rubutu a kan tsohon rubutu, sai su rubuta sabo a gefe sa'an nan su juya alama, don haka in wuta ta ɗauke a tsakiya tsohon yana nan lafiya. Fedora ta mai da Btrfs zaɓinta na farko a kwamfutocin tebur tun Oktoba 2020. Ga ɗalibin likita da ke tara alkaluman marasa lafiya don bincike, sanin cewa lamba ta canja ya fi masa komai, domin kuskuren da ba a gani ba shi ne ke shiga kundi a sa hannu.

Yanzu kuma ga inda muke komawa wajen masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Sabunta tsarin ajiya ba ɗaya yake da sabunta manhajar kallon bidiyo ba. In waccan ta lalace a cire a sake sawa. In wannan ta lalace, da kayan mutum take tafiya. Kuma tarihi ya nuna har gwanaye na tuntuɓe.

A farkon 2009, masu gwada ext4 a Ubuntu suka fara kuka cewa bayan inji ya mutu ba shiri, wasu fayilolinsu na dawowa fanko. Dalili shi ne sabuwar dabarar jinkirta rubutu don ƙara sauri: an canja sunan fayil, amma abin cikinsa yana jira a ƙwaƙwalwar inji bai sauka faifai ba. An yi ta muhawara kan ko laifin na ext4 ne ko na masu rubuta manhajoji, daga bisani aka sa gyara a kanel 2.6.30 cikin shekarar. A duba da kyau, irin wannan cuta mai bukatar ɗaukewar wuta kafin ta bayyana, wa za ta fi kamawa in ba mu ba?

A watan Disamba na 2023 abin ya faɗa wa Debian, wadda duk duniya ta san ta da taka-tsantsan. Ana shirin fitar da 12.3 ranar 9 ga wata aka gano kanel 6.1.64 da ke cikinta na iya ɓata bayanai a ext4. Suka dakatar, suka yi shela kada kowa ya sabunta, washegari suka fito da 12.4 da gyara. Makonni kaɗan kafin haka, masu amfani da OpenZFS 2.2.0 sun gano wani aibi da ke sa kwafin fayil ya fito da ramuka, aka bincika aka tarar tsohon aibi ne da ya daɗe a kwance, sabuwar dabara ce ta tono shi. Ita kuwa bcachefs, da aka yi ta yabo, ta shiga kanel a Janairu 2024, kafin ƙarshen 2025 an fitar da ita bayan saɓani tsakanin mai ita, Kent Overstreet, da Linus Torvalds. Wanda ya yi gaggawar kwashe kayansa zuwa can ya sayi wahala da kuɗinsa.

Wani zai ce, ai ga shi nan, Linux ɗin ma ba ta da tabbas. Mu kuwa darasin da muka ɗauka dabam ne. Duk waɗannan aibobi a bainar jama'a aka gano su, aka yi gardama a kansu a fili, aka gyara cikin kwanaki ko makonni, kuma kowa na iya zuwa ya karanta layin da aka canja. Wannan ita ce fa'idar manhajar da ba a ɓoye asirinta ba. Amma fa'idar tana ga wanda ya jira aka gano ne. Wanda ya riga kowa danna maɓalli shi ne ake ganowa a kansa.

Abin da ya fi waɗannan haɗari, domin ba aibi ba ne, haka aka gina shi, shi ne cewa wasu ƙofofin in an shiga ba a fitowa. Ana iya juya ext3 zuwa ext4 ba tare da an share faifai ba, ta hanyar kunna sababbin siffofi da tune2fs sa'an nan a bi da e2fsck. To amma da an kunna, faifan ba zai koma ext3 ba. Haka umarnin zpool upgrade a ZFS: da an ba da shi aka fara amfani da sababbin siffofi, tsohuwar manhaja ba za ta ƙara buɗe wannan ajiya ba. Har wa yau, juyawar ba ta ba da cikakkiyar riba, domin tsofaffin fayiloli suna zama a tsohon fasalinsu, ƙananan katunan nan masu matsalar 2038 kuma ba su faɗaɗa da kansu. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, ga mai kwamfuta ɗaya, hanyar da ta fi tsabta ita ce a kwashe kaya zuwa wani faifai, a tabbatar sun kwafu, a tsara faifan sabo fil, a mayar da su. Ta fi cin lokaci, amma tana tilasta wa mutum yin kwafi, wanda shi ne abin da ya kamata ya yi tun farko.

Masu gyara kuma akwai tasu. A farkon 2023 aka fitar da e2fsprogs 1.47, watau kayan aikin tsara ext4 da duba ta, da wasu sababbin siffofi a kunne. Faifan da aka tsara da ita, in aka kawo tsohon e2fsck don a duba shi, sai ya ce bai san wannan siffa ba, ya ƙi taɓawa. A nan ne ake yin ɓarna. Mai gyara ya ciro filashin ceto da ya haɗa shekara biyar da suka wuce, ya ga saƙon da bai fahimta ba, sai ya juyo ya ce, "Malam, sai dai a yi fomatin." Faifan lafiyarsa ƙalau, kayan aikin ne suka tsufa. Wannan kalma ta fomatin ta zama kamar fanadol a shagunanmu, ana ba da ita ga kowace cuta. Ba muna zargin masu gyara da mugunta ba ne. Yawancinsu samari ne da suka koyi sana'a da ido a gaban maigida, kuma sun iya abin da da yawa daga cikinmu masu takarda ba mu iya ba. Abin da ba a koya musu ba ne ba su sani ba, kuma mu da ake karantar da mu tsarin ajiya a aji ba mu taɓa tsallaka titi mun kai musu ba.

Maganar kwafi ma tana bukatar gyara. Btrfs da ZFS suna iya ɗaukar hoton yanayin faifai kafin a sabunta, in abu ya ɓaci a koma baya cikin minti guda. Dabara ce mai kyau ƙwarai, muna kuma ba da shawarar a yi amfani da ita. Amma hoton yana zaune ne a faifan da ake tsoron mutuwarsa. Haka kwafin da ke cikin aljihun tebur ɗin da kwamfutar take. Gobarar da ta tashi a kasuwar Farm Centre ranar Babbar Sallah ta 2025 ta isa ta tuna mana cewa wuta ba ta tambayar wane ne asali wane ne kwafi. Ɗaya a inji, ɗaya a faifan waje da ke kwana a wani gida dabam, in da halin data ɗaya a intanet. Kuma a riƙa buɗe kwafin ana gwadawa, domin akwai masu kwafin da ba su san fanko ba ne sai ranar bukata.

Sa'an nan lokaci. Ba a fara juya tsarin ajiya da wutar da ba a san lokacin tafiyarta ba. A yi da cikakken batir, ko da janareto mai isasshen mai, ko da sola da rana tsaka. Ba a yi ana saura mako guda a miƙa kundi. Kuma ɗalibin da ba gwaji yake yi ba ya zauna kan fitowar da ake kula da ita shekaru, irin ta Ubuntu da ke zuwa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu da alkawarin gyara na shekara biyar, ya ɗan jinkirta kwanaki in sabuwar kanel ta zo, ya saurari abin da ake cewa. Ga yawancinmu ext4 sabuwar tsarawa ta wadatar. Btrfs ga mai son hatimi da hoton yanayi kuma ya yarda ya zauna ya karanta. ZFS a bar wa masu kula da manyan injuna na sashe.

Akwai abin da ke ba mu takaici a duk wannan magana. Kowace wayar Android da ake sayarwa a Farm Centre, daga Tecno zuwa Samsung, zuciyar Linux ce ke bugawa a cikinta, kuma hotuna da saƙonnin mai ita suna kwance ne a ext4 ko F2FS, wadda kamfanin Samsung ya fito da ita a 2012. Watau Tarauni ta daɗe cike da Linux, hannun samarinmu na taɓa ta dubban sau a wuni, amma a matsayin masu saye da masu canja gilashi kurum. Linus Torvalds ɗalibi ne mai shekara 21 a Jami'ar Helsinki lokacin da ya fara wannan aiki a 1991, sa'anmu ke nan. Ba muna cewa gobe wani daga cikinmu zai rubuta sabon tsarin ajiya ba. Amma gwada yadda ext4 da Btrfs da XFS ke jure ɗaukewar wuta sau ɗari a kan faifan gwanjo, a rubuta sakamako da alkaluma, a aika wa masu kula da su, wannan aikin kundin digiri ne da ya fi sake rubuta manhajar rajistar ɗalibai karo na hamsin, kuma ba ya bukatar kayan da ba mu da su.

Don haka muke kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da 'yan'uwanmu na sashen kwamfuta da su ware Asabar guda a kowane zango, a farkonsa ba a ƙarshensa ba, a sami ɗaki mai tsayayyar wuta da faifan waje biyu ko uku na aro. Duk mai son komawa Linux ko sabunta tsarin ajiyarsa ya zo, a fara da kwashe kayansa a gabansa, ya buɗe ya gani da idonsa, kafin a taɓa komai. A gayyato masu gyara na Farm Centre da masu shagunan buga takardu na Gyadi-Gyadi, a yi bayanin da Hausa, kowannensu ya koma da sabon filashin ceto da takarda shafi guda mai bayyana ma'anar saƙonnin da e2fsck ke bugawa da abin da ya kamata a yi in an gan su.